Bana Ba Zan Amsa Sunanka Ba, Bitrus

Zuwa ga ɗana Bitrus, likita a ƙasar Romaniya.

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina gajiya, yaya aiki, yaya sanyin wajenku? Yaya matarka da jikata Ilona? Mu nan lafiya lau, sai ƙafa da ke damuna, ita ma da sauƙi. Ni ce uwarka ke magana, yayarka Tabita ke rubutawa, tunda ni ban shiga aji ba. Na ce ta sa shi a ƙarƙashin dogon rubutun nan naka na intanet, inda mutane ke ta yaba maka, don na lura a can kake saurin amsa magana. In na kira ka a waya, kafin mu gama gaisuwa ka ce ana jiranka a asibiti. To masu karantawa su karanta, ba abin da zan ɓoye.

Ranar Lahadi bayan sujada Tabita ta zaunar da ni ta karanta min abin da ka rubuta a kan garin matarka, tana juya min da Hausa. Tuwon acca ya huce a gabana, ban taɓa ba sai da ta kai ƙarshe.

Na ji duka. Ka ce ƙaramin gari ne, kabila biyu a ciki, 'yan Romaniya da 'yan Hangari, kowa da yarensa, kowa da majami'arsa. Allon bakin gari ma suna biyu ne a jiki, ɗaya a kan ɗaya. Ka ce da can Hangari ke riƙe da wurin, aka yi babban yaƙi aka ba Romaniya, aka sake yaƙi ya koma hannun na farko, aka sake dawo da shi. Har kakar matarka ta canza ƙasa sau uku ba ta bar bakin murhunta ba. Wannan kam na yi dariya, ban ƙi ba. Ka ce da akwai Yahudawa a garin, aka kwashe su lokacin yaƙi ba su dawo ba, ɗakin addu'arsu na nan a kulle. Ka bi ƙidayar gwamnati ɗaya bayan ɗaya, wane yare ya ƙaru, wane ya ragu. Har maƙabarta ka shiga kana karanta sunayen mutane a jikin dutse. Na ce kai, yaron nan ya yi aiki.

Sai Tabita ta nuna min hoto. Tsofaffin mata ne a kan benci a ƙofar gida, da ɗankwali irin nawa. Ka rubuta cewa 'ya'yansu sun tafi neman aiki a wasu ƙasashe, gari na ta ƙarewa, gidaje a kulle. Ka ce in ka wuce su da yamma daga asibiti, tausayi kan kama ka har idonka ya kawo ruwa.

Na ce mata ta tsaya. Na ce ta maimaita wurin. Ta maimaita.

Bitrus, kai ne ka rubuta wannan da hannunka? Tsofaffin wasu ne ke sa ka hawaye? To ni a kan me nake zaune, a kan karagar sarki? Benci ma ba ni da shi, kututturen ɗorawar nan ne da ka sani a ƙofar gida, ya yi santsi saboda zamana. Shekara arba'in ke nan da tafiyarka, sau biyu ka taka garin nan. Na biyun ma kwana shida ka yi, uku a otal a Kafanchan wai ruwanmu na ɓata maka ciki. Ruwan da na yi ta yi maka wanka da shi kana yaro.

Tunda tarihi kake so da ƙidaya, zauna in ba ka namu, kyauta.

Ƙauyenmu ma suna biyu ne da shi. Akwai na yare, wanda kakanninka suka sa tun suna kan dutse, akwai wanda fatake Hausawa suka sa don bakinsu bai iya na farkon ba, shi ne ya shiga takarda. Ka rubuta sunayen garin matarka duka biyu, har da yadda ake lanƙwasa harshe a faɗe su. Na rantse in aka tsare ka yanzu aka ce faɗi namu na yare, sai ka yi ta tari.

Kai ba a ƙauye ma aka haife ka ba. A kwatas na reluwe ne a Kafanchan, lokacin babanka Dogara na lebura a layin dogo. Wadda ta karɓe ka ranar haihuwa Maman Emeka ce, Inyamura, matar direban jirgi, bango ɗaya ya raba mu. Ita ba Hausa sosai, ni ba yarenta, amma ita ta yanke maka cibiya. Shekarar da mutanensu suka gudu kafin yaƙin basasa, ta bar min babbar tukunyarta ta ƙarfe, ta ce in ajiye. Na ajiye. Bayan yaƙi ta dawo, ba miji, yara biyu cikin huɗu, na fito da tukunya na ba ta, muka zauna a ƙasa muka yi kuka. Ɗakinsu wasu sun shiga, sai wani mai sayar da goro a kasuwa, Musulmi, ya ba ta ɗaki a bayan gidansa har ta tsaya da ƙafarta. Wannan ba tarihi ba ne? Ko sai an rubuta a jikin dutse da Turanci?

Gidaje a kulle kake nema? Zo in zagaya da kai. Tun rikicin da aka yi a yankin nan akwai waɗanda suka tafi ba su waiwayo ba, na wannan ɓangare da na wancan. Da ciwo ya kama citta ta ruɓe a ƙasa, samari suka watse, wasu acaba a Kafanchan, wasu talla a bakin titi a Jere. A zumuntar mata yanzu in an tashi waƙa, duk muryar tsofaffi ce, ba mai iya kai ta sama.

Abin da ya fi ci min rai, Ilona. Lokacin da aka yi ƙidaya a wajenku ta kira Tabita, hotonta na motsi a waya, ta ce an ba ta takarda ta rubuta sunan kabilarta. Na uwarta ta sani. Ta tambaye ka naka, ka ce mata Najeriya kawai. Najeriya kabila ce? Yarinya ta girma har ta yi digiri, sai ta tsallako ruwa da waya ta tambayi tsohuwa da ba ta san biro ba, mu su wane ne. Na faɗa mata, ta maimaita sau uku har ta iya, tana dariya da wushiryar nan irin ta babanka. Matarka ba ta yi min laifin komai ba. Ita tana garin ubanta, ta koya wa 'yarta yarenta. Ta fi ka hankali.

Yanzu ga maganar da ta sa na ce a rubuta.

Kai ka san yadda gidanmu ke ƙidaya, amma bari in faɗa saboda masu karantawa. Washegarin Kirsimeti duk zuriyar kakanka na taruwa a gindin mangwaro. A yanka bunsuru, a shimfiɗa ganyen ayaba a ƙasa, kowane ɗa namiji na gidan da ganyensa. Babban gida ya kira suna, mai suna ya amsa, a zuba masa kasonsa. In mutum ya yi tafiya, uwarsa ko matarsa ta ce “Yana nan,” ta ɗauka masa. In an kira sau uku ba wanda ya amsa, sai a kife ganyen. Wanda aka kife wa ganye ba a sake kiransa, shi da 'ya'yansa da ba a taɓa shimfiɗa wa ganye ba. Ba takarda, ba biro, amma ba mu taɓa ɓata lissafin mutum ɗaya ba.

Kana ɗan aji ɗaya, sabon koyon ƙirga, ka bi ganyayen nan kana taɓa su da yatsa kana ƙirgawa da ƙarfi, ka kai ashirin ka rikice ka koma farko. Maza suka yi ta dariya. Babanka ya ɗaga ka sama ya ce, “Wannan shi zai riƙa ƙirga mu in mun tsufa.” Ashe wasu za ka je ka ƙirga.

Ranar da aka kife na babanka ba ka nan. Ƙaninsa Baba Ishaku ne ya kira, shi ne babban gida yanzu. Ya kira Dogara sau uku, ni ina zaune na cusa zani a baki. Daga nan sai ya kira Bitrus, na cire zanin na ce yana nan. Ƙaninka Yakubu tun yana goye Allah ya karɓe shi, mata kuma ba su da ganye. Ka gane? Duk ɗakin Dogara, ganyenka kaɗai ya rage a gindin mangwaron nan.

Sau arba'in ina amsawa. Matan gida har suna suka sa min, amaryar Bitrus. In na tashi ɗauko kaso sai su yi ta guɗa, wai angon ya aiko gaisuwa daga Turai? Ni kuma in ce ya aiko, ya ce a gaida masu baƙin ciki. Mu yi dariya. In shiga ɗaki da naman da ba ni da haƙorin ci, in raba wa jikokin Tabita.

Bayan girbin bara Baba Ishaku ya zo har ƙofata, ya cire hula ya zauna. Ya ce samari na gunaguni, su da ke share makabarta da gyaran rufin ɗakin kaka, kasonsu ɗaya da wanda ko muryarsa ba su sani ba. Ya ce shi ba zai iya kife ganye ba muddin uwa na amsawa, al'ada ta hana, amma in duba Allah in bari. Ya ce, “Yaya, ganye na mai zuwa ne, ba na mai hoto ba.” Abin da na gaya masa ba zan sa Tabita ta rubuta ba, fasto na karanta wannan. Na kore shi har hularsa ya manta. Na ce zan amsa maka har ranar da za a sa ni a rami, in ya so bayan nan su yi abin da suka ga dama.

A kan haka nake har ranar Lahadin nan da aka karanta min hawayenka.

Kada ka ce min kana aiko da kuɗi. Kana aikowa, ban musa ba, Allah ya sa albarka. Kuɗi ba ya amsa suna. Kada kuma ka ce a kanga waya a gaban ganye, na riga na tambaya, an ce sai ƙafa a ƙasa. Kuma kada ka ce aiki. Asibitin da ya bar ka ka yi yawo a maƙabarta kana kwafar sunaye zai iya barinka sati biyu.

Na yi tunani, na ga ni ce na lalata ka. Muddin ina cewa yana nan, me zai kawo ka? Ka samu mai yi maka ƙarya kyauta kowace shekara a gaban kakanninka. Jiya na aika wa Baba Ishaku da hularsa, na ce a gaya masa bana in ya kira Bitrus, bakina a rufe.

Saura wata uku Kirsimeti. In ka sauka a Abuja, mota na zuwa Kafanchan kullum, daga nan ka hau ta Manchok, ka ce a sauke ka a mahaɗar da ake sayar da gwaza. Hanyar ba ta canza ba sai ramuka da suka ƙaru. Ka zo da Ilona ta ga inda sunan da ta koya yake. Ka tsaya da ƙafarka, furfurarka da komai, ka ce ga ni. Kalma biyu ne. In ba ka zo ba, za a kira sau uku, a kife, ɗakin babanka ya fita daga lissafi ina zaune ina kallo.

Ɗana, kada ka ɗauka da sauƙi na faɗi wannan. Tun jiya abinci bai shiga ba. Na gyara ɗakinka, na sa an canza kwanon da ke yoyo, ruwa kuma za mu tafasa maka, ba sai ka gudu otal ba. Ina tsoron bakina, shekara arba'in ya saba, zai iya buɗewa ban sa shi ba. Don haka na ce Tabita ta zauna a gefena ranar, in ta ga leɓena na motsi ta taka min ƙafar nan mai ciwo da ƙarfi. Tana rubutawa tana kuka, amma ta yarda.

Ubangiji ya tsare ka, ya tsare matarka da Ilona. Ya ta'azantar da tsofaffin nan na kan benci, ya juyo musu da 'ya'yansu. Ya buɗe maka hanya ta sama da ta ƙasa, ya ba ni kwana in kai ranar, ya riƙe min harshena har a kira na uku. Amin.

Ni ce uwarka,
Kande, matar marigayi Dogara.