Na Warware Ɗinkinki, Kulu

Zuwa ga uwargidana Kulu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya kai haske makwancinki, na rubuto ne in shaida miki abin da na yi da rigata ta sikawut, don ke ma kina da hakki a cikinta.

Kina amarya kika tsinci bajojin da na ci ina yaro a cikin gwangwani, kika ɗinke su a hannun rigar ɗaya bayan ɗaya. Kina ɗinki kina yi mini tsiya: "Malam, yanzu hura wuta ma sai an ba mutum lamba? To ni ina tawa?"

Abubuwa sun canza bayanki. Tun da aka ba mu jiharmu, Sakkwato ta daina aiko da bajo, Gusau kuma ba ta fara ba. Da Shari'a ta zo muka mayar da gajeren wando dogo, ban yi musu ba. Duk da haka yawancin yaran sun koma 'yan agaji. Waɗanda suka rage ba su cika tabarma ba. Ni ma a zaune nake busa usur, gwiwoyin sun ƙi.

Cikinsu akwai Lawali, ɗan wani manomi daga Sakajiki. Ya wuce matakin farko, ya iya ƙulle-ƙullen igiya, ya ci jarrabawar taimakon gaggawa a gabana. Ba abin da zan liƙa masa. Kowace Juma'a yakan zo ya durƙusa ya gaishe ni. Bai taɓa tambaya ba. Sai babansa ya aiko cewa in dai ba abin da yaro zai nuna, ya bar wasan ya kama fartanya.

Shekaranjiya na ɗauki reza in cire masa ɗaya daga bajojin rigata. Kulu, ɗinkinki ya ba ni wahala. Ido ba ya gani sosai, ke kuma ba ki taɓa yin ɗinkin wasa ba. Tun hantsi nake fama har aka kira azahar. Da bajon ya fita, sai ga yadin ƙarƙashinsa sabo fil, launin da rigar take da shi ranar da kika riƙe ta a cinyarki. Na daɗe ina kallon wurin.

Mahaifiyar Lawali ta ɗinka masa shi a karkace. Babansa ya bar shi ya ci gaba.

Sauran yaran sun gani, kowa ya ƙara himma. Na san inda za a ƙare: rigar za ta koma fili, kuma ita ce abin da ya rage mini na aikin hannunki. Na gaji, amma ba zan hana yaro abin da ya ci da guminsa ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa in iske ki ba ki yi fushi ba.

Naki har kullum,
Malam Ibrahim
Kauran Namoda