Littattafai Tara a Jakar Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? In har yanzu kina hawa benen nan da bokitin ruwa, kada ki ƙara kawo min kukan ciwo.

Yaya, nemi wuri ki zauna. An ce ƙanwarki ɓarauniya ce, kuma a rubuce aka faɗa.

Kin san shekara goma sha ɗaya ke nan ina kula da ɗakin karatun makarantarmu, kin kuma san halina da yagaggen littafi. Yara sukan dawo da shi bango daban, ciki daban. Ni kuwa sai in zuba a jaka ranar Juma'a, in kai gida in ɗinke da basilla da baƙin zaren nan mai kauri da Baba ke gyaran takalmi da shi, Litinin in mayar kan kanta. Ban taɓa neman izinin kowa ba, don ban taɓa ɗaukarsa laifi ba.

Makon jiya sabon maigadi ya tare ni a ƙofa, ya buɗe jakata, ya tarar da littattafai tara masu tambarin makaranta. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ya yi. Mataimakin shugaban makaranta ne ya kinkimi maganar ya kai taron malamai, ya ce yau an gane inda littattafanmu ke shiga. Washegari ya miƙo min takardar tuhuma, wai doka ta goma sha bakwai ta hana ma'aikaci fita da kayan makaranta ba tare da rubutaccen izini ba. A layi na uku ya rubuta kalmar sata.

Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Abin da ya fi ƙona min rai, malamar lissafi da muke cin abinci kwano ɗaya, ina zama kusa da ita ta janye jakarta.

Dokar kam na karya, na yarda. Amma kalmar nan ba za ta zauna a fayil ɗina ba. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta


Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida duka, wasiƙarki ta iso. Na ji daɗin sauƙin ƙafar. Shawarar ce ban ɗauka ba, ki yi haƙuri. Kin ce in bar wa Allah, in riƙe aikina. Ke da kika taɓa komawa kasuwa a ƙafa don mai tumatir ya ce kin ƙara ɗaya a kwando, ke ce yau mai wa'azin haƙuri?

Na rubuta takardar koke. Sai ga abin dariya: ƙa'ida ta ce koken ma'aikaci sai ya bi ta hannun wanda yake sama da shi, wanda yake sama da ni kuwa shi ne Mataimakin. Na kai masa da hannu biyu. Kwana takwas tana kan teburinsa, har ya ɗora mata kofin shayi. Sai na sake rubuta ta kwafi uku, na sa sakatariya ta buga wa kowanne hatimi da kwanan wata, na tsaya a kanta har ta shigar wa Shugaba da ɗaya.

Shugaba ya kira ni ofis. Mutumin kirki ne, amma tsoron rigima ya yi masa yawa. Ya ce in janye koken, magana ta mutu, ai ba mai buɗe fayil ya karanta. Ya tuna min bana nake sa ran ƙarin girma, kuma in kwamiti ya zauna, karya dokar da na yi za ta fito fili. Na ce masa na sani. In an ɗauke shi gobe aka kawo wani, takardar tuhumar nan ce za ta fara gaya masa ko ni wace ce.

Tsoro nake ji, Yaya, abinci ma ba ya shiga. Amma an sa ranar zama, kuma zan je.

Taki har kullum,
Auta


Yaya tawa,

Ina gaishe ku da kyau, ya jikin kowa? Bari in ba ki labari tun da ɗuminsa.

Na roƙa a yi zaman a ɗakin karatu, aka yarda. 'Yan kwamiti mutum uku suka zo, shugabarsu wata dattijuwa mai tabarau. Ban yi dogon bayani ba. Na ce kowa ya zari littafin da ya ga dama daga kanta, ya duba gadon bayansa. Suka yi ta zarowa suna cin karo da baƙin zare, har teburi ya cika. Duk wanda suka gani da ɗinki, gidana ya kwana ya dawo.

Mataimaki ya ce wannan ba ya goge doka. Ya buɗe kundin ƙa'idojin aiki zai karanto mana ita, sai dattijuwar ta ce ya miƙo mata. Ta juya bayansa, ta shafa ɗinkin da yatsa, ta dube ni ta saman tabarau. Shekara huɗu da suka wuce na kai shi gida a warwatse, kuma shi kaɗai ne kwafin da makarantar ke da shi. Mataimaki ya rasa inda zai sa idonsa.

Ba a sake ni haka nan ba. An ba ni takardar gargaɗi, ƙarin girma kuma sai baɗi. Ya yi min zafi, amma na sa hannu, don gaskiya ce. Ita kuwa takardar tuhumar an cire ta. Da aka tambaye ni ko akwai saura, na ce a taron malamai aka ɓata ni, a can nake so a wanke ni.

Jiya aka yi taron. Mataimaki ya miƙe ya karanta hukuncin can ƙasa-ƙasa, cikin sauri, zai zauna. Na tashi, na ce ranka ya daɗe, na baya ba su ji ba. Ya sake ɗaukar takardar ya maimaita da ƙarfi, ni kuma ban zauna ba sai da ya kai ƙarshenta.

Ki gaida min yara.

Ƙanwarki,
Auta