Jar Tutar da Ban Ɗaga Ba

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya kai da mutanen gida, Allah ya raba ka da ciwon bayan nan. Mu nan sai godiya. Inna ta samu sauƙin ƙafa, har ta koma yi mana faɗa a kan shara, ka ga kuwa lafiya ta samu. 'Yarka, wadda yaran kulob ɗin gudu suka laƙaba wa Walƙiya, tsawo kawai take yi, ta kusa kamo ni.

Yaya, hoton da na aiko maka tana riƙe da lambar yabo, wanda ka ce ka nuna wa abokan aikinka kaf, shi ya hana ni sukuni. Ka san duk Asabar ina taya Koci alƙalanci a fili. A tseren miƙa sanda ni aka tsayar wurin miƙawa ta ƙarshe, da jar tuta a hannuna. Dokar ita ce a karɓi sanda kafin a tsallake farin layi. Walƙiya ta yi gaggawar tashi, sai da ta wuce layin da taku biyu sannan sandar ta shiga hannunta. Da idona na gani. Hannuna har ya fara tashi, sai na tuna wata takwas da ta yi tana sammakon atisaye, da yadda take tambayata ko Babanta zai ji labari, na mayar da tutar bayana. Su Walƙiya suka zo na ɗaya, aka ce su za su wakilci kulob a babbar gasa. 'Yar mai facin tayan titinmu, wadda ta zo ta biyu, ta rungume ta tana haki, ta ce wallahi ta cancanta.

Al'adar kulob ɗin ita ce bayan kowane tsere yara su yi da'ira, Koci ya tambaya ko akwai wanda ya yi kuskuren da ba a gani ba. Sukan fito kuwa, har a tafa musu. Ran nan Walƙiya ta ɗago ta dube ni, ƙafarta ɗaya har ta motsa. Ni kuwa, babbar banza, na sunkuya ina ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Sai ta mayar da ƙafar.

Na yi sati biyu ina lallashin kaina cewa taku biyu ba komai ba ne. Ranar Asabar da ta wuce na ji tana koya wa ƙananan yara miƙa sanda, tana ce musu kada su damu da layi, laifi sai wanda aka ɗaga wa tuta. Nan take na gane ni ce malamar da ta koya mata wannan karatun. Na bi Koci ɗakin ajiyar kaya na faɗa masa komai. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Cewa ya yi in ajiye tutar a kan tebur, kuma ni da bakina zan gaya wa yaran. Na gaya musu. Aka karɓi lambobin, gasar ta koma hannun su 'yar mai faci.

Kwana uku ba ta yi mini magana ba, a ɗaki take cin abinci. Jiya ta same ni ina wanke-wanke, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce ba lambar ce ke damunta ba. Ta ce da ni Gwaggonta na dube ta sau ɗaya ran nan, da ta fito da ƙafarta an tafa mata, amma yanzu ɓarauniyar layi yara suke kiranta.

Don Allah ka kira ta. Kada ka yi mata faɗa ko kaɗan, ka aje faɗan ka yi mini. Amana ka ba ni yarinya mai gaskiya, ni na koya mata yin shiru.

Ka gaida Maman Biyu da tagwayenta, da Kawu mai gyaran agogo. Inna tana sa maka albarka.

Taka mai neman afuwa,
Ƙanwarka Auta