Wa Zai Raɗa Mata Suna

Talata, 4 ga Nuwamba 1997

Yau muka binne mijina Radomir. Maharba sun zo da ɗanyen ganye, kowa ya jefa nasa cikin kabarin. Sun so su harba bindiga sama yadda suke yi wa nasu. Na ce duk wanda ya harba kada ya tako mini gida cin abinci. Suka sauke.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Bari in rubuta sau ɗaya, na gaji da maimaitawa ga masu zuwa gaisuwa. Ranar Lahadi suka hau dutse farautar barewa. Radomir ya shiga kurmi ya koro musu. Ganye ya motsa, Obrad ya harba, uku a jere. 'Yan sanda sun ce biyu itace suka samu, na ukun Radomir.

Da irin tsohuwar bindigar Radomir ce, mai cin harsashi ɗaya, da yanzu yana zaune a nan yana zaginsa. Amma tun da aka dawo daga yaƙi kowa da bindigar soja yake shiga daji, mai cin goma, yatsa kawai take jira. Radomir kan tambaye su barewa suke nema ko bataliya. Obrad kuma ya ce masa ya kai tasa coci a yi mata addu'ar tsufa.

Obrad fa. Kum ɗinmu. Shi ya tsaya mana ranar aure, shi ya riƙe ɗanmu Zlatko a coci ya raɗa masa suna, kamar yadda ubansa ya raɗa wa Radomir.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Stana, matar Obrad, ta ajiye burodi a bakin ƙofa ta tafi. Na ba aladu. Allah Ya yafe mini, burodi ne.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Har yau kofi biyu nake saukowa da su da safe.

Asabar, 6 ga Disamba

Addu'ar arba'in, a Asabar ɗin da ta riga ranar muke yin ta. Obrad ya tsaya bayan katangar maƙabarta cikin dusar ƙanƙara, hula a hannu, bai shigo ba. An karɓe masa bindiga, shari'a sai bazara. Ya rame har rigarsa na rataye a jikinsa. Ramar tasa ta ba ni haushi, sai na ga kamar makokin nawa ma yake so ya ƙwace.

Talata, 20 ga Janairu 1998

Dushanka, matar Zlatko, ta sauka lafiya. Mace. Kunnuwan kakanta ta kwaso, manya a buɗe, abin tausayi. Na yi dariya, sai na juya in nuna masa.

Lahadi, 25 ga Janairu

An fara maganar baftisma. Yarinya ba ta da suna, kum ne ke raɗawa, Baƙuwa muke ce mata kafin nan. Na ce hannun da ya taɓa waccan bindiga ba zai riƙe jikar Radomir ba, a nemi Mladen abokin Zlatko. Dushanka ta yi ta kuka, wai ba a wulakanta kum yaro ya ga daidai. Uwar Dushanka ta ce in dai za a canza, dole a je wa tsohon kum da burodi da kwalbar giya a roƙe shi ya sake mu, in ya karɓa shi ke nan. Na ce Zlatko ya je. Bai ɗago kai daga kwanonsa ba.

Laraba, 28 ga Janairu

Na sami Zlatko yana faskare. Na ce yaushe zai je. Ya ci gaba da sara kamar bai ji ba, har na ce masa ko ya manta uban wa aka sauko da shi daga dutse.

Ya ajiye gatari. "Mama, ni ma na ɗaga tawa. Yatsana na kan kunamar bindiga. Kum ya riga ni ne kawai."

Na ce ƙarya yake, don ya kare shi ne.

"Kowa ya ɗaga, Mama. Haka muke yi yanzu. A harba tukuna, a duba daga baya."

Na kwashi itace na shigo. Ban san me na dafa ba yau.

Asabar, 31 ga Janairu

Ni na je gidan Obrad, da burodi da kwalba cikin jaka. Ban taɓa jin tsawon hanyar nan kamar yau ba. Stana ta buɗe, ta kasa gaishe ni. Obrad ya miƙe tsaye, ƙaton mutumin nan, yana dafa tebur.

"Milka, na san abin da ya kawo ki. Ki ajiye, na sake ku."

Na ce ban roƙe shi ba tukuna, ya zauna. Na zauna ni ma, jakar a cinyata. Stana ta kawo kofi, ban sha ba. Sai na ji bakina yana tambayar abin da ban zo da shi ba: ko Radomir ya yi magana. Obrad ne ya goyo shi har bakin hanya, ba wanda ya ji sai shi.

Ya ce Radomir ya yi ta kiran sunana. Can da suka kusa gada, sai ya ce masa a kunne, "Kum, har yau ba ka iya saiti ba. Sai a na uku."

Na yi dariya a gidan mutumin nan. Allah Ya gani ba da son raina ba. Daga nan kuka, mu uku, kowa na kallon wani bango daban.

Na dawo da jakar yadda na tafi da ita. Dushanka ta leƙa ciki, ta ga burodin da kwalbar suna nan.

Alhamis, 5 ga Fabrairu

Fada ya sa ranar 15 don baftisma. Ban yanke komai ba. Ko wa zai riƙe ta, dole a ba shi taguwa da safa, haka ake yi, shi ya sa na fara saƙa.

Dushanka ta ɗaga safar da na gama ta duba. Ta ce, "Mama, Mladen ai ƙafafunsa biyu za su shige cikin wannan."

Na ce ta je ta duba madara kada ta zube.

Ban yafe ba. Sanyi ake yi, cocin nan kuma ba ta da murhu.