Wurin Takalma Ba Wurinka Ba Ne

Zuwa gare ka, gawona mai fidda ganye da rani lokacin da sauran itatuwa sunka tuɓe, ruwan farko mai tada ƙamshin ƙasa, zumata ta kogon dutse, Halidu na Furera, tsoho mai taurin kai, angona na shekara arba'in da bakwai!

Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi rairayin ƙorama yawa. Ina fatan kana lafiya can Babankatami gidan ƙanwarka Lantana, kana shan furarta mai tsami kana yi kamar da daɗi. Na kira salularka har yatsana ya yi kanta, ka ƙi ɗauka. To, ga takarda. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, ya yi kama da sawun kaji a tsakar gida, amma kai ka iya karanta shi, tunda a benci ɗaya munka koya, kana leƙen nawa kana cewa naka ya fi.

Wai ka tafi gaida Lantana! Wa kake yi wa wayo, hasken idona? Jikarmu Raihana ta haihu ran Alhamis a ɗakina, namiji santalele, ran Juma'a da hantsi ka sa anka ɗaura kekenka mai taya uku, da kake murzawa da hannu, bisa mota ka tsere. Lantana lafiyarta lau, ta fi ni ƙiba. Taron suna kake gudu. Wata goma sha ɗaya ke nan ba ka taka wani taro ba, ba ɗaurin aure, ba suna, ba gaisuwar mutuwa sai an watse. Na san dalili, kai ma ka sani, amma ba mu taɓa buɗe baki a kai ba. Yau zan faɗa.

Ranar ɗaurin auren Raihana nake nufi. Ɗiyar da ka rena tun ubanta ya rasu, wadda ta koyi tafiya tana riƙe da bayan kekenka. Ka sa farar rigarka, na ɗaura maka rawani da hannuna, ka fito kamar wata ɗan sha huɗu. An aro tabarmin masallaci an shimfiɗa ƙofar gida. Kana murza keke kana isowa, sai Safiyanu ɗan yayanka ya tare ka, ya durƙusa har ƙasa, da ladabinsa mai tashin zuciya, wai tabarmin salla ne, wai tayoyin keke kamar takalma suke, ba a hawa da su. Wai in ka yarda samari su ɗauke ka su aje ka gaba. Su ɗauke ka! Buhun albasa ne kai? Ka ƙi, kuma da ka yarda da na ji kunyarka. Sai anka gyara maka wuri a bakin tabarma, daidai inda kowa ke tuɓe takalmi.

Tir! Wallahi ko yanzu in na tuna sai yawu ya cika mani baki. Waliyyin amarya, dattijon gida, a tsakiyar silifa da takalman fata da sunka sha zufa da kashin awaki! Kowa ya zo ya dafa kekenka ya tuɓe takalminsa, ya ce maka sannu, ya wuce. Wani baƙo daga dangin ango, ɗan Madawa mai ƙamshin turare, ya rataya sababbin takalmansa a hannun kekenka, ya roƙe ka ka sa masa ido kar a musanya. Da liman ya nemi waliyyi, ka ɗaga murya daga can baya, hayaniya ta haɗiye ta. Ƙanenka Mutari ya duba hagu ya duba dama, ya ga ana jira, sai ya ba da ɗiyar. Anka shafa fatiha. Anka raba goro da dabino, naka ya iso maka bayan an gama da kowa, ta hannun mai neman takalminsa.

Kuma ka san abin da ya fi ba ni ƙyama? Babu mugu ko ɗaya a cikinsu. Duk masu son ka ne. Sun tsare mutuncin tabarma sun zubar da naka, sunka koma gida suna yabon yadda biki ya yi kyau. Tabarmar da tsohon bunsuru ya kwana a kai shekaranjiya ba wanda ya sani! Su da ƙafafunsu masu faso, da ƙurar gona har gwiwa, su ne tsarkakakku, tayar da nake wankewa da sabulu kowace safiya ita ce ƙazanta?

Yanzu ga nawa laifin, dabinon bakina, kar ka ce na tsallake shi. Ina bayan zana ina leƙe. Na gani tun farko har ƙarshe. Ka juyo, idonka ya faɗa cikin nawa ta ƴar kafar zanan nan, ni kuwa na ja baya na koma wurin tukunya. Wai kunya! Wai mace ba ta kutsa taron maza. Ni Furera, da kowa ya san bakina tun daga Urno har kasuwar Madawa, ni da nake hana jikoki barci da labari, ranar da bakin zai yi amfani sai ya mutu. Na fi ƙyamar kaina a kan Safiyanu. Da yamma ka shigo ka tuɓe rawanin da kanka, ka naɗe shi, ka ce mani abinci ya yi daɗi. Da ma zagina ka yi!

Abu ɗaya kawai na iya yi ran nan, kuma yau zan tona kaina. Takalmin Safiyanu na hagu da anka nema har magariba, har ya tafi gida yana ɗingishi da ƙafa ɗaya, ba kare ba ne ya ɗauke. Yana cikin rumbunmu, ƙarƙashin damman gero. Na so in gaya maka ka yi dariya, amma tun ran nan dariyarka ta yi ƙaura.

Ina ta tafi, sanyin ƙirjina? Ka manta ranar da kekenka ya iso daga wurin mai walda, shekara ɗaya bayan ka faɗo daga bisa rumbu ƙafafu sunka daina jin magana? Kowa na yi maka kallon tausayi, kai kuwa ka ce in hau baya ka kai ni garkar albasa kamar amarya. Na hau, tsohuwa da ni, na riƙe kafaɗunka. Gangaren fadama ya kwashe mu, iska ta tuɓe mani kallabi, birki ya ƙi, munka zube cikin rairayi ni a sama kai a ƙasa, muna dariya har hawaye, tsuntsaye sunka watse daga bisa kalgo. Ran nan na san ƙafa ce kawai ta tafi, mijina yana nan cif. Mutumin da gangaren fadama bai ba tsoro ba, shi ne tarin silifa zai kora daga garinsu? Haba, zakina! Tsakar gida ta yi mani faɗi. Kukan tayar nan taka ta hagu, da nake maka tsiya kullum ka sa mata mai, yanzu shi kunnena ke nema kamar yadda shuka ke neman raɓa.

To, saurara ka ji abin da tsohuwarka ta yi cikin kwana huɗu. Na sa mayafi na tafi wurin liman Malam Abdulhamid da ƙafata, na tsaya ƙofar zaurensa na zazzage masa komi. Bawan Allah ya riƙe baki. Ashe daga inda yake zaune bai ga inda anka aje ka ba, ya ɗauka kai ka wakilta Mutari. Ya ce shi bai ga abin da zai hana keke mai tsabta hawa tabarma ba, kuma zai faɗa da bakinsa kafin a fara addu'a. Amma ni ban yarda da tabarmar aro ba kuma. Tabarmin kaba da na daɗe ina saƙa, guda shida, su za a shimfiɗa, nawa ne, ni ke da iko da su, kuma na bar hanya a tsakiya daidai faɗin kekenka, tun daga ƙofa har gefen daman liman. Dokin ƙofar zaure da kake fama da shi shekara da shekaru, na sa taɓarya na rushe shi. Mahfuzu magini ya zo yana salati, ya gyara wurin ya yi shi gangare mai laushi, ya fidda wa ruwan damina hanya ta gefe. Safiyanu kuwa na ba shi babban muƙami: shi ne mai tsaron takalma ran suna. Ya karɓa kansa a ƙasa.

Saura kai. Yaron nan sunanka zai ci, uban ya yarda, Raihana kuwa kullum idonta na ƙofa, sai ta duba ni ta sunkuyar da kai. Ta riga ta yi aure ba da muryarka ba. Kar ka bari a raɗa wa ɗanta suna babu muryar nan taka.

Na yi magana da Jima direba, wanda ya kawo maka wannan takarda. Ran Laraba zai biyo ta Babankatami, ya bar maka gidan gaba, keke a bisa. Ka zo, tauraron asubahina, ka zo ko da fushinka ne, ni zan iya da shi. Rawaninka na wanke, yana bisa gado.

In kuwa ka ƙi, to ka ji da kyau, ba wasa nake ba wannan karon. Ran Alhamis da safe zan fito daga bayan zana, gaban liman da maza duka, in ratsa in zauna a ƙasa tsakiyar takalma, daidai inda anka aje ka, kuma ba mai tada ni har a watse. Ka zaɓa: ko kai a gefen liman, ko matarka a cikin silifa.

Ni ce taka tun kana tsallake ƙorama da ni a kafaɗa, taka kana bisa taya uku, taka har ranar da za a ɗauke ɗayanmu bisa kafaɗun mutane, kuma wannan ɗaukar kaɗai na yarda a yi maka.

Furerarka, mai rumbu da takalmi ɗaya a ciki.