Umarar Saje Isa

Misfala, Makka, daren Laraba, Sha'aban 1437

Yau na yi wa marigayi Saje Isa umara. Har a ɗawafi muryarsa nake ji: "Yallaɓai, hafsoshi kaɗai kuke haɗa wa kwas. Mu na daji, wa zai koya mana magana da matuƙin jirgi?" Ranar da ya faɗi haka, dariya na yi masa. Da hannuna na soke sakin layin ƙananan sojoji daga daftarin kwamitinmu na horar da sojoji.

Ranar da aka yi wa su Isa kwanton ɓauna, jirginmu na shawagi a samansu, ba wanda ya iya kwatanta wa matuƙin inda suke. A nan Isa ya rasu.

Na yi aski, na cire harami, nauyin bai sauka ba. Daftarin yana cikin jakata. Sakin layin dai zan mayar da shi. Isa fa?