Ki Ce wa Waccan

Litinin, 10 ga Mayu 1982
Na iso gida, Ollelewa. Na ce musu hutu aka ba ni. Likitan Yamai ya ce ciwon daji ne a hanta, wata huɗu, ƙila biyar. Yana faɗa yana gyara agogonsa.
Umma ta ga na sauko daga mota, ta juya ta shige madafa. Ni ce 'yar farinta, saboda haka shekara talatin da ɗaya ba ta kira sunana ba, ba ta dube ni ido da ido ba. Gwaggo Fatu, wadda ta raine ni, ita ta yi guɗa.

Alhamis, 13 ga Mayu
"Fatu, ki ce wa waccan fura na nan." In ji Umma. Taku uku ne tsakanina da ita.

Asabar, 22 ga Mayu
Na tarar da kundin digirina a akwatin Umma, naɗe cikin zanen aurenta. Shafi ɗari da ashirin a kan kunyar ɗan fari a ƙasarmu ta Damargu. Babi na uku ita ce, suna kawai na sake. "Uwa mai sanyin zuciya," haka na rubuta da Faransanci, malamai suka yaba. Har kwaikwayon muryarta na yi wa 'yan ajinmu, aka yi ta dariya.
Gwaggo ta ce duk baƙon da ya zo sai an fiddo masa kundin ya taɓa.
Allah ya taimake ni Umma ba ta karatu. Dubi abin da nake gode wa Allah a kai.

Lahadi, 30 ga Mayu
Amai sau uku. Ƙwaryar aman da na ɓoye bayan ɗaki na same ta a wanke, a kife. Gwaggo ta ce ba ita ba ce.

Talata, 8 ga Yuni
Kullum ina shirya yadda zan faɗa wa Umma. Da Faransanci jimlar na fitowa tsaf. Da Hausa sai na ga dole in ce "Umma, dube ni," kuma ban san yadda ake yi ba. Ashe ni ma ban taɓa dubanta ba. Wannan ban sa shi a babi na uku ba.

Juma'a, 11 ga Yuni
Na yi. Umma na daka, Gwaggo na tsince wake. Na ce, "Gwaggo, ki ce wa mai daka ba zan ga kaka ba."
Taɓarya ta tsaya.
"Fatu, ki ce mata an sani tun ranar da ta sauko daga mota. Ki ce mata kanta ya yi buzu-buzu kamar na mahaukaciyar kasuwa, mutane na zuwa."
Gwaggo ba ta isar da ko ɗaya ba, kuka take.

Laraba, 16 ga Yuni
An yi ruwan shuka jiya. Umma ta yi mini kitso. Mai kitso a baya take zama, ba sai an haɗa ido ba, dabara ce kawai. Kitson awa ɗaya ya kai mu la'asar, tana tsefewa tana sakewa, wai bai miƙe ba. Hannunta warin hayaƙi da man shanu.
Ba ta kira sunan ba. Na lura ban jira ba.
Na ce wa Gwaggo ta ce a ajiye mini irin wake cikin tafin hannu ɗaya, gobe zan bi su gona. Don in motsa ƙafa ne kawai.